Har Yaushe Na'ura Za Ta Tuna da Kai? Tarihin Kukin Shiga, Daga Netscape Zuwa Gaɓar Kogin Nilu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe asusu a intanet ya san ɗan akwatin nan da ke ƙarƙashin gurbin kalmar sirri, wanda aka rubuta masa "ka tuna da ni" ko "bar ni a ciki". Idan mutum ya taɓa shi, gobe in ya dawo ba za a sake tambayarsa ko shi wane ne ba, ƙofa za ta buɗe masa kai tsaye. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, wannan tunawa tana da wa'adi. A wani shafin minti 5 ne, a wani mako biyu, a wani kwana 400, an kuma yi zamanin da wa'adin ya haura shekara 30. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma mutum ne ya zauna ya zaɓe shi, ya rubuta shi cikin tsarin shafin, bisa abin da yake zato game da rayuwar wanda zai yi amfani da shafin.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan wa'adi tun daga shekarar 1994: yadda aka ƙirƙiro shi, yadda 'yan talla suka miƙar da shi, da yadda ɓarayi suka sa aka gajarta shi. Daga nan za ta sauka a ƙauyukan Hausawan Sudan, irin su Abu Na'ama da Mai Wurno, inda yaƙin da ya ɓarke a shekarar 2023 ya nuna cewa waɗanda suka zaɓi alƙaluman ba su yi lissafi da mutumin da ya bar gida a guje ba.

Yanar gizo da mantuwa aka haife ta

Lokacin da Tim Berners-Lee ya tsara yanar gizo a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba, tsakanin 1989 zuwa 1991, burinsa shi ne masana su riƙa karanta takardun juna daga nesa. Don haka ya yi tsarin da sauƙi ƙwarai. Kwamfutar mai karatu za ta aika tambaya, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin ta aiko da amsa, shi ke nan hulɗa ta yanke. Idan mai karatun ya sake tambaya bayan daƙiƙa ɗaya, a matsayin baƙo za a karɓe shi, don babu wani abu da ke haɗa tambayar farko da ta biyu.

Ga mai karanta takarda wannan ba matsala ba ce. Amma a kwatanta mai kantin da ke da irin wannan hali. Ka ce ya auna maka sukari, ya auna. Ka juya ka ce ya ƙara da ganyen shayi, sai ya dube ka ya ce, "Sannu da zuwa, me za a ba ka?" Sukarin ma ya manta da shi. Da irin wannan mai kanti ba za a iya yin ciniki ba, balle a ba shi ajiya. To, a 1994 kamfanoni sun fara hango kasuwa a intanet, ga shi kuma shafukan ba sa iya riƙe ko da kwandon sayayyar mutum daga shafi ɗaya zuwa na gaba.

Alamar da Lou Montulli ya ƙirƙiro

A tsakiyar 1994, wani matashin mai tsara manhaja, Lou Montulli, yana aiki a kamfanin da daga baya duniya ta sani da suna Netscape. Shi aka ɗora wa neman mafita. Hanya mafi sauƙi ita ce a bai wa kowace burauza lamba guda ta dindindin da za ta riƙa nuna wa kowane shafi. Montulli ya ƙi wannan, saboda ya gane cewa da ita za a iya bin sawun mutum duk inda ya shiga. Sai ya zaɓi wata dabara: kowane shafi ya rubuta 'yar gajeriyar alama tasa, ya bai wa burauzar baƙo ta ajiye, duk lokacin da baƙon ya dawo wannan shafin sai burauzar ta miƙa alamar. Ya kira ta kuki. Kalmar a Turanci sunan wani nau'in biskit ne, amma masu tsara manhaja sun daɗe suna amfani da ita ga ɗan bayanin da wata manhaja ke miƙa wa wata.

Mafi kusancin misali a wurinmu shi ne 'yar lambar da mai ajiyar kaya ke ba matafiyi a tasha. Kayanka suna wurinsa, lambar tana aljihunka. Ba ya buƙatar ya haddace fuskarka, lambar ce shaida. A nan ne kuma rauninta yake, don duk wanda ya zo da lambar, shi ne mai kaya.

Burauzar Netscape ta gwaji da ta fito a watan Oktoban 1994 ta zo da wannan tsari, kuma aikin farko da aka sa kuki shi ne gane ko mai ziyartar shafin kamfanin ya taɓa zuwa. Ƙa'idar farko ta taƙaita girman kowace alama zuwa kimanin haruffa 4,000, ta kuma raba su gida biyu. Idan shafi bai rubuta ranar ƙarewa a jikin alamar ba, da zarar an rufe burauza ta mutu. Idan ya rubuta rana, alamar za ta zauna a cikin kwamfutar har ranar ta zo, ko da an kashe na'urar an kunna sau dubu. Wannan nau'i na biyu shi ne tushen "ka tuna da ni". Sai dai ƙa'idar ba ta faɗi iyakar nisan ranar da za a iya rubutawa ba. An bar wa mai shafi ya zaɓi abin da ya ga dama.

Zamanin miƙe ƙafa

Jama'a ba su san da kuki ba sai da jaridar Financial Times ta Ingila ta yi rahoto a kansa a watan Fabrairun 1996. Kafin nan 'yan talla sun riga sun gano wata kafa. Idan kamfanin talla ɗaya ya saka hotonsa a shafuka ɗari, zai iya ajiye alamarsa ta kowannensu, ya kuma gane mutum ɗaya yana yawo a tsakaninsu. Abin da Montulli ya guda sai ga shi ya shigo ta bayan gida. Kamfanin DoubleClick ya gina dukiyarsa a kan wannan, har Google ya amince ya saye shi a 2007 kan dala biliyan 3.1.

Masana sun yi ƙoƙarin gyara. A Fabrairun 1997 David Kristol da Montulli suka fitar da takardar ƙa'ida mai lamba RFC 2109. Ita ce ta kawo hanyar rubuta wa'adi da yawan daƙiƙoƙi maimakon ranar kalanda, ta kuma ba da shawarar a toshe alamomin 'yan talla tun daga tushe. Masu burauza suka yi biris da wannan shawara. An sake wata takardar a shekarar 2000, ita ma ba ta karɓu ba, sai a Afrilun 2011 aka samu RFC 6265, wadda ta rubuta yadda abin yake gudana a zahiri.

A waɗannan shekaru kowa miƙe ƙafarsa ya yi. Gwamnatin Amurka ta hana shafukan ma'aikatunta ajiye kuki mai daɗewa a shekarar 2000, amma a 2002 wani mai fafutuka, Daniel Brandt, ya gano shafin hukumar leƙen asiri ta CIA yana yi. A ƙarshen 2005 ya sake kama hukumar NSA da alamomin da ba za su ƙare ba sai 2035. Google kuwa ya daɗe yana rubuta 2038 a jikin alamarsa. Wannan shekara tana da dalili. Kwamfutoci da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma a tsohon tsari ƙirgar tana cika a kan 2,147,483,647, wato ranar 19 ga Janairun 2038. Ma'ana, an zaɓi wa'adi mafi nisa da na'ura za ta iya ɗauka. Sai a Yulin 2007, bayan matsin lamba daga hukumomin kare sirri na Turai, Google ya rage shi zuwa shekara biyu, amma da sharaɗin duk lokacin da mutum ya dawo ƙirgar za ta koma farko.

Da ɓarayi suka gane darajar lambar

Alamar talla tana tona inda mutum yake zuwa. Alamar shiga ta fi haka haɗari, don ita ce ke tsayawa a madadin kalmar sirri. Wanda ya kwafe ta ba ya buƙatar sanin kalmar, ba ya kuma buƙatar lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙon tes, tunda an riga an wuce waɗannan ƙofofi kafin a bayar da alamar.

A Oktoban 2010 wani mai tsara manhaja, Eric Butler, ya saki wata 'yar manhaja mai suna Firesheep don ya nuna girman matsalar. Duk wanda ya saka ta, ya zauna a wurin da ake raba intanet ɗin Wi-Fi marar makulli, zai ga jerin mutanen da ke kusa da shi, ya latsa sunan ɗaya ya shige asusunsa na Facebook ko Twitter. Dalili kuwa, shafukan suna lulluɓe kalmar sirri lokacin shiga, amma suna barin alamar tana tafiya a fili bayan haka. Wannan abin kunya ya taimaka wajen tura manyan kamfanoni su lulluɓe dukkan hulɗa. Facebook ya ba da zaɓin haka a farkon 2011, ya mayar da shi na kowa a 2013.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ɓarayin suka koma dasa manhajojin sata a cikin na'urorin mutane, suna kwashe alamomin daga ma'ajiyar burauza suna sayarwa. A 2021 waɗanda suka kutsa kamfanin wasannin kwamfuta na Electronic Arts sun ce da alamar da suka saya kan dala 10 suka fara shiga. A Afrilun 2023 hukumar FBI da 'yan sandan ƙasashe da dama suka rufe wata kasuwar intanet mai suna Genesis, wadda babbar hajarta ita ce irin waɗannan bayanan shiga na sata. Daga nan lissafin ya fito fili: tsawon wa'adin alama shi ne tsawon lokacin da ɓarawo zai ci moriyarta.

Alƙaluman da aka tsayar

Idan aka duba abin da ke gudana a yau, za a ga babu adadi guda. Harshen PHP, wanda aka gina ɗimbin shafuka da shi, yana zuwa da daƙiƙa 1,440, wato minti 24, a matsayin lokacin da za a iya share zaman wanda ya yi shiru. WordPress yana bai wa mai shiga kwana 2, idan ya taɓa akwatin tunawa kuma kwana 14. Django ma mako biyu yake zuwa da shi. Galibin masu gina ƙananan shafuka ba sa taɓa waɗannan alƙaluma, yadda suka same su haka suke barinsu, don haka zaɓin wasu 'yan tsirarun mutane ya zama doka ga miliyoyi.

Hukumomi ma sun sa baki. A 2017 hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta kasa abin mataki uku. Shafin da haɗarinsa kaɗan ne ya sake tantance mutum aƙalla duk kwana 30. Na tsakiya, duk awa 12, ko bayan shirun minti 30. Mafi tsanani, shirun minti 15. Tarayyar Turai ta ɗora wa bankuna cewa mai asusu in ya yi minti 5 bai taɓa komai ba a fitar da shi. Su ma masu burauza sun zo sun toshe giɓin da aka bari tun 1994. Safari ya rage wasu nau'ukan alamomi zuwa kwana 7 a 2019, Chrome kuma tun Agustan 2022 ba ya karɓar wa'adin da ya wuce kwana 400, ko me mai shafi ya rubuta.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Na farko, wa'adi iri biyu ne: tsayayye, wanda ke ƙarewa a ranarsa ko ana shiga ko ba a shiga, da mai sabuntawa, wanda ke komawa farko duk lokacin da aka leƙo. Mai sabuntawa ba ya mutuwa muddin ana amfani da shi, ko a hannun wa yake. Na biyu, ranar da ke jikin alamar ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Mai shafi yana da nasa littafin, in ya soke lambar a can, alamar ta zama banza ko da saura shekara a jikinta. Manhajojin waya irin su WhatsApp ba da burauza suke aiki ba, amma hikimar ɗaya ce, alama ce a ajiye a cikin wayar, tana da wa'adi, ana kuma iya soke ta daga nesa.

Duk waɗannan alƙaluma an gina su ne a kan zato guda: mutum yana da na'urarsa shi kaɗai, layinsa yana aiki, in an fitar da shi minti ɗaya ya isa ya koma. Bari mu duba inda wannan zato ya karye.

Hausawan gaɓar Nilu da wayar hannu

Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar Makka, wasu su yada zango su yi noma shekara da shekaru kafin su ƙarasa, wasu kuma zaman ya zama na dindindin. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga na Jazira ya buɗe, ya jawo ƙarin mutanen yamma. Haka ƙauyuka da unguwannin Hausawa suka jeru a bakin kogin, daga Jazira zuwa Sinja, Abu Na'ama, har Damazin da Rusairis, ana noma ana kamun kifi ana fatauci.

Al'umma ce da danginta suke warwatse: wani a Khartum, wani a Gadarif, wani a Saudiyya, wasu har Kano da Maraɗi. Don haka wayar hannu ta samu karɓuwa da wuri, da layukan Zain da MTN da Sudani. Amma wayar a ƙauye ba kamar ta ma'aikacin ofis a Turai ba ce. Sau da yawa babbar waya ɗaya ce a gida, uba da uwa da 'ya'ya duk ita suke taɓawa. Tana kwana a shagon mai caji. Yaron gida ne ya buɗe wa tsohuwa asusu, shi ya zaɓi kalmar sirri, watakila shi ma ya manta da ita. Ga irin wannan tsohuwa, muddin manhajar tana buɗewa to tana da asusu, ranar da aka fitar da ita kuwa asusun ya tafi.

Sudan ta ɗanɗana katse intanet tun kafin yaƙi. Bayan tarwatsa zaman dirshan na Khartum a ranar 3 ga Yunin 2019, an rufe intanet ɗin waya fiye da wata guda, har sai da kotu ta ba da umarni a Yuli. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an sake rufewa fiye da mako uku. A Yulin 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu ya raba dubban Hausawa da gidajensu, da yawa suka nufo Sinnar da maƙwabtanta. Sai babbar musiba ta zo ranar 15 ga Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Rassan bankuna da yawa suka rufe, takardun kuɗi suka yi wuya, jama'a suka jingina da manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Ta nan 'yan'uwa na waje ke turo taimako, ta nan ma ɗakunan girkin unguwa da ake kira takaya ke karɓar gudummawa. Wad Madani ya faɗa hannun RSF a Disambar 2023. A Fabrairun 2024 dukkan layukan uku suka ɗauke a faɗin ƙasar, wasu yankunan suka yi watanni babu sabis, mutane suka koma sayen intanet na awa-awa a wurin masu na'urar Starlink. A ƙarshen Yunin 2024 Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ya faɗi, jama'ar garuruwa da ƙauyukan kewaye suka watse, har sai da sojoji suka karɓe shi a Nuwamba.

Gaba kura, baya siyaki

A irin wannan hali, gajeren wa'adi yana iya zama ƙofar da ta rufe ba za ta sake buɗuwa ba. A ce mutum ya samu Starlink, ya biya kuɗin awa ɗaya, sai ya tarar an fitar da shi daga asusunsa saboda ya yi makonni bai leƙo ba. Ya rubuta kalmar sirri, aka ce an tura masa lamba ta saƙon tes. Starlink intanet yake bayarwa, ba ya kawo saƙon tes, layin kuwa ba shi da sabis. Ga intanet a hannu, ga kuɗi ko saƙon dangi a ciki, amma babu hanyar shiga. Wanda alamarsa ba ta ƙare ba sai ya wuce abinsa. Akwai kuma wasu agogunan da ke ƙirga a ɓoye. WhatsApp yana fitar da na'urorin da aka haɗa da asusu idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, yana kuma iya share asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba. A zaman lafiya kwana 120 lokaci ne mai tsawo. Ga wanda ke gudun hijira, damina ɗaya ce.

Dogon wa'adi shi ma yana da nasa dafin. Ƙwacen waya yana cikin abubuwan da aka fi kokawa da su a wannan yaƙi, an kuma sha ba da rahoton bincikar wayoyin matafiya a shingayen hanya, da tilasta wa mutane tura kuɗi ta manhaja. Wayar da komai na cikinta yake buɗe, wanda ya ƙwace ta ya gaji mai ita: zai karanta saƙonninsa, ya ga wa yake hulɗa da shi, ya rubuta wa danginsa na Jidda da sunansa yana neman kuɗi. Idan wa'adin mai sabuntawa ne, ɓarawon da kansa yake ƙara masa kwana duk lokacin da ya buɗe. Mai wayar kuwa ba zai iya soke alamar ba sai ya shiga asusun daga wata na'ura, shigar kuma tana buƙatar layin da ke cikin wayar da aka ƙwace.

A 2024 Google ya sanar da wani sabon tsari na ɗaure alamar shiga da na'urar da aka ba ta, yadda ko an kwafe ta ba za ta yi aiki a wata kwamfuta ba. Wannan magani ne ga ɓarawon nesa, irin na kasuwar Genesis. Ba ya tsinana komai ga wanda aka tare a hanya aka karɓe wayar ɗungurungum. Shekara 30 ana gyara kuki, amma kusan dukkan gyaran ya fuskanci ɓarawon da ke zaune a gaban kwamfuta ne. A gefe guda kuma dogaro da asusun intanet ƙaruwa yake yi. Canjin takardun kuɗin da Babban Bankin Sudan ya fara a Disambar 2024 ya buƙaci mutane su zuba tsofaffin kuɗinsu a asusun banki, wanda ya shigar da ƙarin manoma da 'yan kasuwar ƙauye cikin wannan tsari.

Kammalawa

Darasin wannan tarihi ya shafi matasanmu da ke gina shafuka da manhajoji a Kano, Zariya, Yamai ko Khartum, don masu amfani da aikinsu sun fi kama da mutanen Abu Na'ama fiye da waɗanda aka yi wa ƙa'idojin asali. Waya ɗaya ga gida guda, shagon caji, satar waya, da ɗaukewar sabis duk mun san su. Jihar Zamfara ma an rufe mata layukan sadarwa a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro.

Abu na farko shi ne kada a bar adadin da aka tarar ba tare da tunani ba. Na biyu, a raba ƙofofi. Karanta saƙo ko duba darasi yana iya samun dogon wa'adi, amma tura kuɗi, canza lambar waya ko canza kalmar sirri a nemi sabuwar shaida kowane lokaci. Na uku, wa'adi mai sabuntawa a yi masa iyaka ta ƙarshe da ba zai wuce ba. Na huɗu, a bai wa mutum jerin na'urorin da asusunsa ke buɗe a kansu, da hanyar rufe su gaba ɗaya. Na biyar, wanda shi ne darasin Sudan, kada saƙon tes ya zama hanya ɗaya tilo ta komawa. A tanadi wata, kamar lambobin ajiya da mutum zai rubuta a takarda, ko ofishin da zai je da katin shaidarsa.

Ga sauran jama'a kuma, abin da ke hannunmu kaɗan ne amma yana da amfani. A sa wa waya makulli. Kada a taɓa akwatin tunawa a na'urar aro ko ta shago. Wanda ya buɗe wa iyayensa asusu ya rubuta musu kalmar sirrin a ajiye tare da takardun gida. Wanda aka sace wa waya kuma, kafin jimamin kuɗinta, ya fara neman toshe layin da rufe asusunsa, ya kuma sanar da dangi kada su amsa saƙon da zai zo da sunansa.

Montulli ya magance mantuwar yanar gizo, ya bar wa na baya tambayar tsawon tunawa, kuma har yau kowane mai shafi shi ke amsa ta da kansa. Idan zai rubuta adadin, ya dace ya tuna da wanda zai yi wata huɗu bai ga sabis ba, da wanda wayarsa ta kwana a hannun wani. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa.